Yadda Ake Zaɓen Gadon Jariri Mai Aminci a Kaduna, Daga Kasuwa Har Cikin Ɗaki

Idan ciki ya shiga wata bakwai, hankalin gida kan koma kan kayan haihuwa: bahon wanka, fulas ɗin ruwan zafi, shawul, kayan sanyi, famfas, man zaitun. Gado ake bari a ƙarshe. Wani lokaci sai an zo barka wata gwaggo ta kawo shi gudummawa, ko maigida ya biya kasuwa ana jibi suna ya ɗauko wanda ya fi ɗaukar ido. Alhali jariri sabon haihuwa yana barcin awa 14 zuwa 17 a kwana ɗaya, kuma shimfiɗarsa ce kaɗai wurin da ake ajiye shi a kawar da ido, uwa ta shiga wanka, ko ta ta da salla, ko barci ya ɗauke ta. Shi ya sa nake ganin gado ya cancanci a zauna a yi masa lissafi tun da sauran lokaci, da tef ɗin awo a hannu.

A fara da ɗakin

Kafin a taka ƙafa zuwa kasuwa, a tsaya a ɗakin da uwa za ta riƙa kwana a duba inda gadon zai zauna. Wurinsa yana gefen gadon uwa, inda za ta miƙa hannu ta taɓa yaro ba tare da ta tashi ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarin da ta sabunta a 2022, ta ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa amma a shimfiɗarsa daban, aƙalla wata shida na farko. Kwana ɗaki ɗaya dama al'adarmu ce, babu mai kai jinjiri wani ɗaki a nan. Raba shimfiɗar ne sabo a gare mu.

A auna tsawo da faɗin wurin a rubuta a takarda. Girma biyu ne suka fi yawa. Akwai mai faɗin santimita 60 da tsawon 120, wanda kafinta zai ce ƙafa biyu da ƙafa huɗu. Akwai kuma babba mai 70 da 140, wanda galibi ake iya cire masa gefe daga baya ya koma ƙaramin gadon yaro. Mai ciki da falo a gidan haya a Tudun Wada ko Rigasa, ƙaramin ya wadatar da shi, zai kai yaro wajen shekara biyu. A auna faɗin ƙofar ɗakin ma, don kada a kawo gado a akori-kura ya tsaya a bakin ƙofa.

In haihuwar fari ce kuma za a tafi wankan gida, a tuna cewa kwana arba'in ɗin farko a gidan iyaye za a yi su. Ko dai a zaɓi gadon da ake kwancewa a ɗaure da noti, ya bi mai jego, ko a tanadi wata ƙaramar shimfiɗa a can. Kada gado mai kyau ya zauna a ɗakin amarya a rufe da zani, yaro kuma yana can yana kwana tsakanin filalluka.

Katifa kafin gado

Wannan shi ne abin da mutane suka fi juyawa. Ana yin gado, sannan a shiga neman katifar da za ta shiga, in ba a samu daidai ba a yanko soso a cusa tawul a gefe. A juya tsarin: a sayi katifar tukun, a kai wa kafinta ya auna ta, ya gina gadon a kanta. In kuma gadon kanti ne, a sa katifar a ciki a gaban mai shago kafin a biya kuɗi.

Gwajin mai sauƙi ne. A tura katifar ta jingina da gefe ɗaya, a sa yatsu a giɓin da ya rage a ɗaya gefen. In ya ci fiye da yatsu biyu, katifar ta yi ƙanƙanta. Jariri kan mirgina, fuskarsa ta faɗa wannan giɓi, kuma ba shi da ƙarfin wuyan da zai ɗago.

Sai tauri. A nan ne zuciyar uwa ke gardama, domin kowa yana son ɗansa ya kwanta a wuri mai laushi. Amma katifar da ke lotsawa tana yi wa fuskar jariri rami, hanci da baki su nutse, ya riƙa shaƙar iskar da ya fitar. A danna tsakiyar katifar da tafin hannu da ƙarfi, a danna gefunanta, a ɗaga. Ta kirki nan take take dawowa, ba ta barin shatin hannu. In babba ya taɓa ya ji kamar ta yi masa tauri, to ita ce daidai da jariri. Kaurinta ya tsaya wajen santimita 8 zuwa 10, don mai kauri sosai tana cinye tsayin gefen gado. Kamfanoni irin su Vitafoam da Mouka suna da dillalai a cikin gari, a tambayi katifar gadon jarirai mai tauri, kuma ko da sunan kamfani a jiki a yi gwajin hannun.

Ledar da katifa ke zuwa da ita daga kamfani, a yage ta gaba ɗaya a fitar da ita daga ɗakin. Na san dalilin da ya sa ake barin ta, fitsari ne da tumbuɗi. Sai dai siririyar leda tana manne wa fuska, tana kuma tara zufa a bayan yaro har ƙurajen zafi su feso. Abin da ya dace shi ne rigar katifa mai hana ruwa shiga wadda ke kama katifar tsam, a ɗora zanin gado na auduga mai roba a kusurwoyi. Tela a Kasuwar Barci zai ɗinka guda uku daga yadi kaɗan in an ba shi awon katifar. In an ja zanin da yatsu daga tsakiya ya taso ya tattare, bai kama ba, a mayar a rage shi.

Awon da za a riƙe, ko a kanti ko wajen kafinta

A Kaduna hanyar samun gado uku ce. Ko a sayi sabo a shagunan kayan jarirai na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da kan titin Ahmadu Bello, ko a ba kafinta ko mai walda aiki a Panteka ko a unguwa, ko a sayi na hannu. Ni ban raina aikin gida ba ko kaɗan. Kafintan da aka ba awo a rubuce, aka kuma tsaya a kansa, zai iya fitar da gadon da ya fi na kwali ƙarko. Matsalar ita ce yawancinsu da ido suke raba sanduna, don a saba da gadon manya babu ruwan kowa da tazara.

Tazarar da ke tsakanin sanda da sanda ita ce awo mafi muhimmanci a gadon nan. Ƙa'idar Amurka ta ce kada ta wuce inci 2 da 3/8, wato kusan santimita 6. Ta Turai, mai lamba EN 716, ta sa ta tsakanin santimita 4.5 da 6.5. Don kada a yi ta lissafi da kafinta, a ce masa inci biyu da kwata, kowace tazara, har da ta kusurwa inda sanda ta ƙarshe ke haɗuwa da ƙafar gado. In an je karɓar aiki a tafi da gwangwanin lemo, a gwada tura shi a tsaye ta kowace tazara. In ya wuce ko da a wuri ɗaya ne, ba a karɓa ba.

Kusan kullum amsar da ake samu ita ce: "Haba Hajiya, ai kan yaro ba zai shiga nan ba." Gaskiya ne kan ba zai shiga ba, kuma haɗarin ke nan. Sai a ce masa: "Malam, ƙafa ce ke fara fita. Jikin jariri ya fi kansa ƙanƙanta, sai jiki ya zurara waje, kai ya maƙale a ciki, wuya ya ɗauki nauyin." Ban taɓa ganin kafintan da aka yi wa wannan bayani ya ci gaba da musu ba, don shi ma uba ne. Ƙarin sanduna zai ƙara kuɗin katako, a biya da daɗin rai.

Sandunan su kasance a tsaye duka. Duk wata sanda da aka gicciye a tsakiya don ado, tsani ce ga yaro ɗan wata goma. Allon kai da na ƙafa su zama ko dai shafaffen katako ko sanduna masu awo ɗaya da na gefe, ban da huda zanen zuciya ko tauraro ko fure, don hannu da kai suna shiga irin waɗannan ramuka. Ƙafafun gado huɗu kuma su ƙare daidai da saman gefe, kada a bar musu ƙulli a sama kamar na gadon amarya. Yaron da ya fara miƙewa, wuyan rigarsa kan sarƙe a ƙullin, ya zame ya rataye.

Tsayi: daga saman katifa zuwa saman gefe kada ya gaza santimita 50, wato inci 20, idan katifar tana matakin ƙasa. A roƙi kafinta ya yi wa katakon da katifa ke zama a kai mataki biyu ko uku. Na sama yana ceton bayan mai jego a watannin farko, musamman wadda aka yi wa aiki, na ƙasa kuma yana jiran lokacin da yaro zai fara zama da tsayuwa. Wannan katako ya zauna a kan noti masu ƙarfi, ya zama shimfiɗe sak ba tare da karkata ba. In sanduna ne a ƙasan maimakon falanki, ya fi, don iska na ratsa katifa ta bushe.

In an ce a sa taya, a tabbata aƙalla biyu suna da makulli. A ɗakin da ke da yayye ƙanana, ni na fi son gado marar taya sam.

Katako, ƙarfe da fenti

A nemi busasshen katako. Ɗanye yana da nauyi da sanyi a hannu, kuma da hunturu ya busa sai ya tsage ko ya kanannaɗe, mahaɗai su saki, tazarar da aka auna ta buɗe. Maɗaci yana da ƙarfi da tsada, malaina ta fi sauƙin kuɗi kuma tana aiki in ta bushe sosai. A duba jikin katakon ko akwai ƙananan huda da gari yana zuba, alamar ƙwaro na ci daga ciki. Katakon nan na dusa da aka matse, wanda yawancin gadajen kwali masu araha ke zuwa da shi, ba ya shiri da ruwa. Fitsari da laimar damina suna kumbura shi, noti ya daina kamawa.

A shafa tafin hannu a kowace sanda, sama da ƙasa, ciki da waje. Duk inda ya karce hannu a sa a ƙara goge shi da sanfefa. Kan ƙusa ko noti kada ya leƙo ta ciki. Sannan a kama gefen gadon da hannu biyu a jijjiga shi sosai, a murɗa sanduna ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta juya a raminta za ta fita wata rana. Na ƙarfe ma awonsa ɗaya da na katako, sai dai a ƙara duba bakin walda ko an goge shi ya yi sumul, kuma kada a ajiye shi inda rana ke dukansa ta taga a watan Maris da Afrilu.

Batun fenti ina so a ɗauke shi da gaske. Daga wajen wata shida, haƙori na ƙaiƙayi, yaro zai kama saman gefen gado ya yi ta gurgura, duk abin da aka shafa a wurin cikinsa zai tafi. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama, har da Nijeriya, ya sami dalma a cikin wasu fentin mai, musamman masu launin rawaya da ja. Mu a Arewa mun san abin da dalma ke yi wa yara: a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Ta fenti ba ta kisa farat ɗaya haka, a hankali take taruwa tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma likitoci sun ce babu wani adadinta da ba ya cutar da yaro. Don haka kada a bar wa kafinta zaɓin fenti, kada kuma a yarda da ragowar fentin mota ko na ƙofar gida. A sayo fentin ruwa da kanku, wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa babu dalma, ko a bar katakon da launinsa bayan an goge shi. In an gama, a ajiye gadon a inuwa inda iska ke kaɗawa har warin ya tafi ƙaƙaf. Wannan kaɗai dalili ne na ba da aikin tun ciki na wata bakwai.

In na hannu ne

Gadon da aka gada daga yaya ko aka samo cikin kayan gwanjo ba laifi ba ne, amma binciken ya ninka. Abu na farko: in gefensa ɗaya yana zamewa ƙasa a ɗago shi, a haƙura da shi. Amurka ta haramta ƙerawa da sayar da irin wannan gado tun watan Yunin 2011, bayan an tabbatar da mutuwar jarirai aƙalla 32 daga shekarar 2000, domin robar da ke riƙe gefen kan karye, gefen ya buɗe, jariri ya zurma tsakaninsa da katifa. Irin waɗannan gadaje kan biyo kaya daga waje, kuma mai sayarwa zai nuna zamewar a matsayin abin burgewa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A ƙirga noti, in ɗaya ya ɓace a nemo irinsa daidai, ban da ɗaurewa da waya ko tsumma. A haska fitilar waya a mahaɗai da ramukan noti a nemi kuɗin cizo ko baƙaƙen ɗigon kashinsu. In an gani, ruwan zafi da sabulu da shanya a rana, a maimaita. Kada fiya-fiya ko wani maganin ƙwari na gona ya taɓa gadon jariri ko ɗakin da yake kwana. Tsohon fenti mai ɓarewa a kankare shi a waje, nesa da mai ciki da yara. Katifa kuwa a sayi sabuwa.

Kafa gado da gidan sauro

A kafa shi nesa da taga da igiyar labule, nesa da soket da wayar caja da ta fanka. Kada a sa shi ƙarƙashin kanta ko agogon bango ko hoto mai gilashi. In an jingina shi da gadon uwa, gefensa ya kasance a rufe, kada a cire don a haɗe shimfiɗa biyu a bar rami a tsakani.

A garin nan gado ba ya cika sai da gidan sauro, musamman daga Mayu zuwa Oktoba da ruwa ke kwanciya a kwatoci. A nemi mai magani, irin wanda ake bayarwa wajen awo ko lokacin rabo. Sabo a baza shi a inuwa na awa 24 kafin a fara amfani da shi. A rataye shi daga sama ya miƙe, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta kowane gefe, ko a sake shi ta wajen gado har ƙasa a danne, yadda babu wani lanƙwasasshen yadi da ke reto kusa da fuskar yaro. Ɗan siririn net ɗin ado da ke zuwa da gadon kanti, mai leshi da ribon, yawanci ba shi da magani kuma ba ya rufewa ruf. A duba huda kowane mako a ɗinke. In ya yi datti a wanke shi a hankali da sabulu marar ƙarfi a shanya a inuwa. Da yaro ya fara kama abu yana miƙewa, a ƙara ɗaga shi yadda hannunsa ba zai jawo shi ciki ba.

Hayaƙi kowane iri abokin gabar jariri ne a wurin barci: sigari, maganin sauro na kunnawa, har da turaren wuta. A turara ɗaki lokacin da yaro yake waje, a buɗe taga, sannan a dawo da shi. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki da sanyin Disamba, da janareta a bakin taga ko a baranda, suna fitar da iskar guba marar wari marar launi, kuma jariri ne take fara kayarwa.

Abin da ke shiga cikin gado

Katifa, zanin gado, jariri. Shi ke nan.

Na san wannan yana da wuyar karɓa, don saitin gado da ake sayarwa yana zuwa da filo, da bargo mai kauri, da doguwar katifar gefe da ake ɗaurawa jikin sanduna, ga kuma 'yar tsana da aka kawo barka. Katifar gefen nan an ce tana kare kai daga buguwa, amma jarirai sun mutu da fuska a manne da ita, har Amurka ta yi dokar hana sayar da ita a 2022, tare da shimfiɗun barci masu tudu da ke ɗaga kan jariri. Buguwar kai da sanda kuka ne na minti ɗaya. Filo kuma jariri ba ya bukatarsa kafin ya shekara, kuma ba ya gyara siffar kai. Haka ɗan gadon soso mai net a sama da ake yawan kawowa gudummawa, mai gefuna masu laushi da ɗan filo a ciki: ya yi a ajiye yaro a falo ido na kansa, amma bai dace da barcin dare ba. A cire duk wata igiya daga wuyan yaro kafin a kwantar da shi, ta robar tsotso ce ko ta laya ko sarƙa.

A kwantar da shi rigingine, kowane barci, dare da rana. In an sauke shi daga goyo yana barci, a juya shi a kan bayansa. Mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci ta fi yawa tsakanin wata ɗaya zuwa huɗu, kuma mafi yawanta kafin wata shida ne. Da aka fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a Amurka a 1994, adadinta ya ragu da fiye da rabi.

A nan ne ake samun saɓani da iyayenmu. Kaka za ta ce: "Duk a kife muka raine ku, me ya same ku? In ya yi tumbuɗi a rigingine ai sai ya shaƙe." Tsoronta na ƙauna ne, kuma yana da amsa. Hanyar iska tana gaba, hanyar abinci tana bayanta. In yaro yana rigingine, abin da ya taso daga ciki yana komawa ƙasa ta hanyar abinci, ko ya juya kai ya zubar. In yana kife, hanyar iska ce a ƙasa, nan tumbuɗin ke taruwa. A faɗa mata cikin ladabi: "Inna, haka ma'aikatan asibiti suka ce a yi yanzu, ki taya mu kiyayewa." In uwar miji ce, maigida ne ya kamata ya yi maganar, kada a bar mai jego da ita. Kifewa tana da lokacinta: yaro yana farke, babba na zaune kusa, 'yan mintoci a kan tabarma don wuya ya yi ƙarfi. Da ya iya juyawa da kansa gaba da baya, a ci gaba da kwantar da shi rigingine, in ya juya a ƙyale shi.

Sutura kuma a bi yanayi. Mun fi kuskure ta wajen yawa: hula, safa, rigar sanyi, shawul, a watan Afrilu ba wuta. Yawan zafi yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar fuju'a. A taɓa ƙirji ko ƙeyar yaro, kada a yi awo da tafin hannu ko ƙafa don su dama sukan yi sanyi. In ƙeya ta jiƙe da zufa a rage kaya. Da zafi singileti da famfas sun isa, fanka tana juyawa ba ta dukansa kai tsaye. Da hunturu a ƙara riga a kan riga maimakon bargo, ko a sa masa rigar barcin nan mai zif da ke rufe ƙafafu ta bar hannu da kai a waje. In dole sai an rufa, siririn zani, ƙafafun yaro suna taɓa ƙarshen gado, zanin ya tsaya a ƙirji a cusa gefunansa ƙarƙashin katifa. Hula a cire ta in za a yi barci a ɗaki. Naɗe jariri a zani kuma a daina shi da zarar ya fara yunƙurin juyawa, wajen wata uku.

In babu halin gado

Ba kowane gida ke da kuɗi ko fili ba, kuma gaskiya ita ce yawancin jariranmu a gadon uwa suke kwana saboda shayarwar dare. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya samun kwando mai faɗi da shimfiɗaɗɗen gindi, ko kwali mai ƙarfi mai tsabta, a sa siririyar katifa mai tauri da ta cika shi, a ajiye a gefen uwa cikin gidan sauro, inda yara ba za su taka ba. Ba abin kunya ba ne: a ƙasar Finlan tun 1938 gwamnati ke ba masu ciki kwalin kayan haihuwa da 'yar katifa a ciki, jarirai da yawa a nan suke fara barci. Wannan zai kai yaro har ya fara juyawa, kafin nan a tara na gado.

In kuwa an ɗauko shi shayarwa a gadon uwa, a kawar da filo da bargo daga kusa da shi, kada ya kasance tsakanin katifa da bango, kada yayye su kwana a gefensa, a mayar da shi shimfiɗarsa da an farka. Kujerar kushin ta fi ko'ina haɗari, kada a yi barci da jariri a kanta ko sau ɗaya. Haka in bakwaini ne, ko an haife shi ƙasa da kilo 2.5, ko bai kai wata huɗu ba, ko akwai mai shan sigari a shimfiɗar, ko uwa ta sha maganin da ke sa barci, a nan raba shimfiɗa ya zama dole. Tagwaye ma kowa da nasa wurin.

Yadda gadon ke bin girman yaro

Da yaro ya fara zama, wajen wata shida, a sauke katifa mataki ɗaya. Kafin ya fara kama gefe yana miƙewa, a kai ta matakin ƙarshe, a cire duk abin wasan da aka rataya a sama. Kowane wata a bi noti a ƙara ɗaurewa, musamman bayan hunturu da katako ke motsi, a ɗaga katifa a shanya ta, a duba ƙasanta ko ta yi fumfuna. Ranar da aka ga ya ɗora ƙafa a saman gefe, ko gefen ya dawo masa ƙasa da ƙirji in yana tsaye, ko tsawonsa ya kai santimita 89, zaman gadon ya ƙare. A mayar da shi katifa a ƙasa ko a cire gefen in gadon mai cirewa ne. In za a ajiye wa ƙani, a kwance shi, a zuba notin a leda a ɗaure a jikin ƙafar gadon, a jingine shi a busasshen wuri sama da ƙasa saboda gara.